Minista da Kwantena

Mijina da ƙanina ba su taɓa zama wuri ɗaya sun tashi ba su yi gardama ba. Tun ina amarya haka na same su, kuma ban taɓa jin sun yi ta a kan ƙwallo ko mota kamar sauran maza ba. Kullum a kan haraji ne, da shigo da kaya, da bashin da gwamnati ke ciyowa.

Mijina makanikin injin saƙa ne a masana'antar barguna da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ya shiga can yana saurayi yana zuba wa injina mai, har ya kai shi ake nema idan wani inji ya ƙi tashi. Ƙanina kuwa ɗan kasuwa ne, barguna da zanen gado da tawul yake shigowa da su daga waje. Shi ya sa mijina ya raɗa masa Kwantena. Shi ma bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya sa wa mijina Minista, wai don yana zaune a falon Mama, mahaifiyarmu, yana tsara wa ƙasa tattalin arzikinta alhali ba wanda ya naɗa shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa. Ban da ƙanina, kowa Sista yake ce mini, har mijin nawa.

Duk ƙarshen mako a gidan Mama muke cin abincin rana. Ranar da abin ya fara, muna cikin ci aka karanto labarai a rediyo. Aka ce gwamnati ta samu sabon rance daga waje, kuma cikin sharuɗɗan akwai rage harajin kayan da ake shigowa da su, da janye rangwamen wutar lantarki da ake yi wa masana'antu.

Mijina ya ajiye cokali ya dubi ƙanina.

"Ka ji ko, Kwantena? An share maka hanya. Sai ka je ka yi wa masu ba da rance godiya."

"Haba Minista, ai talaka aka yi wa," in ji ƙanina, bakinsa cike da shinkafa. "Bargon da kuke saƙawa, mai gadin gidan nan zai iya sayensa? Ni ina kawo masa wanda zai rufa shi da 'ya'yansa."

"Wanda wanki biyu zai mai da shi rariya."

"Ya rufa da rariyar, ya fi ya kwana yana kallon naku a shago."

"To idan aka rufe masana'antu, da wane albashi za a sayi rariyar taka?"

"Ni na ciyo bashin? Su suka ciyo, masu kuɗi suka ce a buɗe ƙofa. Ni in ga ƙofa a buɗe in tsaya a waje ina sallama?"

Mama ta ce, "Ku dai ku ci abinci. Bashin gwamnati ba ya hucewa, shinkafata ce ke hucewa."

Muka yi dariya gaba ɗaya, har mijina. A lokacin magana ce kawai irin wadda aka saba.

Ba a rufe masana'antar rana ɗaya ba. Da farko aka daina aikin dare saboda kuɗin wuta. Daga nan aka ce a riƙa zuwa kwana uku a mako. Barguna suka taru a sito har rufi, 'yan kasuwa ba sa ɗauka, don kasuwa ta cika da na waje masu sheƙi da zanen furanni, a farashin da ko kuɗin zaren nasu bai kai ba. Mijina yakan dawo ya ce yau sun kashe wani layi, an lulluɓe injinan da leda. Yana faɗa kamar mai ba da labarin maƙwabcin da aka kwantar a asibiti. Wata safiya suka je suka tarar da kwaɗo a ƙofa, manaja yana tsaye a waje tare da su, shi ma idonsa ja.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirun da ya yi. Mutumin da ko labaran yanayi aka karanta sai ya yi sharhi, ya koma kashe rediyo da hannunsa. Da safe zai yi wanka ya sa kayan fita, ya raka ƙaramarmu makaranta, ya dawo ya zauna a baranda. Ya gwada gyaran janareta a shagon wani abokinsa, amma masu gyaran sun fi janaretocin yawa a layin. Ya nemi aiki a wani kamfanin lemon kwalba, suka dubi furfurarsa suka ce za su neme shi. Albashina ne ya riƙe gidan, kuma ba zan ce ya riƙe shi da kyau ba.

Ya daina zuwa gidan Mama. Ƙanina ya zo gaishe shi sau ɗaya, ya zauna a bakin kujera, ya ce, "Yaya, ina wuni? Ya ƙoƙari?" Ba Minista, ba tsokana. Da ya tafi mijina ya ce mini, "Kin gani ko, Sista? Har na kai yaron nan ya ji tausayina." Wannan ta fi rufe masana'antar yi masa ciwo.

Bayan wasu watanni aka ji za a sayar da injinan a matsayin tsohon ƙarfe, a kan sikeli. Na ce kada ya je, ya tafi. Ya dawo da yamma hannunsa duk baƙin mai, ya zauna bai wanke ba.

"Da wutar walda suke yanka su," ya ce. "Injin da na yi shekaru ina lallaɓawa kamar jariri, yaro ya hau kansa da takalmi yana sara. Sun gama da na saƙa. Saura na sashen ƙarshe, na yanka da na kalmasa baki. Lafiyarsu ƙalau, Sista. Ko allura ba su nema."

Washegari ƙanina ya kira ni a waya kan maganin Mama, na ba shi labarin. Wallahi ban roƙe shi komai ba, zuciyata ce ta cika na rasa wanda zan gaya wa. Ya ce, "To, Yaya," ya kashe.

A ƙarshen makon, da hantsi, muka ji ana danna hon a ƙofar gida kamar za a fasa mana kunne. Sai ga muryar ƙanina daga waje:

"Minista! Fito, ana nemanka a ofis!"

Na ga fuskar mijina ta motsa, karo na farko a watanni. Ya fita yana cewa, "Wannan mara kunyar kuma me ya kawo shi?" Na ɗauki mayafi na bi su.

Siton ƙanina ya kai mu, wani dogon ɗaki mai rufin kwano a bayan kasuwa. A gefe ɗaya ga diloli na barguna jibge, wasu sun yi baƙi-baƙi, ɗakin duk warin danshi. A ɗaya gefen ga injina uku na sashen ƙarshe daga masana'antar su mijina, ɗaya a tsaye, biyu a kwance a ƙasa.

Ƙanina ya nuna dilolin. "Waɗannan ruwa ne ya shige su a tashar jiragen ruwa, kwantenar ta daɗe a hannun kwastan. Kusan duk tafiya sai na samu irinsu. Makanikai nake ba wa su yi tsumma. Amma duba," ya zaro ɗaya ya warware, "gefe ɗaya ne ya lalace, sauran lafiya lau. Idan aka wanke aka yanke aka kalmashe, ai kaya ne. Injina na saya, amma ni ko inda ake kunna su ban sani ba."

Mijina ya dubi bargon, ya dubi ƙanina.

"Wato in zauna ina yi wa bargon da ya kashe mana masana'anta kwalliya."

"Eh," in ji ƙanina.

"Ka ma iya bakinka."

"Yaya, ba sadaka na kawo maka ba. Ni ina asara, kai kana zaune. Abin da ya fito mu raba. In ka ƙi, gobe in kira masu sikeli su kwashe, su ma suna jira."

Mijina ya juya ya nufi ƙofa. Na riga na sa rai tafiya ce, har na fara shirya abin da zan ce masa a hanya. Sai ya tsaya daidai ɗaya daga injinan da ke kwance. Mai yana tsiyaya daga cikinsa, ya yi ɗan tafki a siminti.

"Wane mara imani ne ya kwantar da wannan ta nan ɓangaren?" ya ce da ƙarfi. "Ba ku ga mai yana zuba ba? Kai, kama can! A hankali, ba dilar tawul ba ce!"

Ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini. Ƙanina ya kama inda aka ce ya kama, yana nishi yana kashe mini ido ta bayan injin. Ba a sake maganar yarda ko ƙi ba. Da na gaji da tsayuwa na tafi gida na bar su, ana ta "ɗaga" da "sauke".

Tambayar da ta rage ita ce me za a yi da rabin bargo. Nan ni na yi amfani. A ɗakin haihuwa kullum ina ganin mata suna naɗe jarirai da tsohon zani, ko da babban bargon da ya fi jaririn nauyi. Na ce su yanka ƙanana, daidai jariri, su zagaye bakin da laushi yadda ba zai kankare fata ba. Mijina ya nemo wata da suka yi aiki tare a sashen ƙarshe, wadda ake ce wa Almakashi saboda saurin hannunta da na bakinta. Tun da aka rufe masana'antar take wankau a gidajen mutane. Ranar da ta zauna a gaban injin kalmasa ta taka shi, sai ta ɗaga kai ta ce, "Oga, ka ce wa surukinka ya fita, kuka zan yi kuma ba na so ɗan kasuwa ya gani."

Suka ɗaura igiyoyin shanya a bayan siton. A wanke da ruwan zafi, a shanya, a yanke, a kalmashe, a ninke. Na kai samfuri wurin matan da ke sayar da kayan jarirai a bakin asibiti, kafin mako ya zagayo suna aiko mini da saƙo a ƙaro. Ba arziki aka yi ba, amma mijina ya koma fita da safe da dalili, ya koma dawowa da gajiya irin ta aiki. Rediyo ta dawo. Gidan Mama ma ya dawo, da gardamarsa.

"Kana ci daga kwantena kana zagin kwantena," ƙanina zai ce.

"Likita ma daga cuta yake ci, ka taɓa jin ya yabe ta?" in ji mijina.

Ni kuwa in ce a bar likitoci a gefe, ba su da hannu.

Shekara ta zagayo, sai abin ya juya ta inda ba mu zata ba. Lokacin biyan rancen nan ya zo, gwamnati ta shiga neman kuɗin waje ido rufe, kuɗinmu ya faɗi warwas. Komai ya tashi a kasuwa. Albashina da ke kai mu ƙarshen wata da ƙyar ya koma tsayawa a tsakiya. Amma wanda abin ya fi bugawa da ƙasa ƙanina ne. Banki ba ya ba da kuɗin waje, a bayan fage kuma farashin ya fi ƙarfinsa. Bargon da yake alfahari mai gadi zai iya saya, yanzu ko mai gidan sai ya yi tunani. Ya daina oda. Shagonsa ya koma kanta da fanka. Matarsa ta same ni a asibiti ta ce ba ya cin abinci, kuma ya sayar da motarsa bai gaya wa kowa ba.

Na ɗauka mijina zai ce ai ya faɗa. Yana da haƙƙin faɗa, shekaru yana faɗa. Bai ce ba. Abin da ya ce shi ne, "Babu kwantena, babu dila mai ruwa. Mu ma aikinmu ya kusa tsayawa." Ya yi kwanaki yana kiran tsofaffin abokan aiki a waya. Daga ƙarshe ya gano wata ƙaramar masaƙa a wani gari, wadda ta ƙi mutuwa, tana numfashi sama-sama da injina kaɗan. Suna saƙa yadin bargo amma ba su da sashen ƙarshe, sun sayar da nasu tuntuni. Ya hau mota ya je. Ya dawo da naɗi biyu a kan amana, da alkawarin ƙari idan an sayar.

Da yamma ya ce in raka shi gidan ƙanina. Muka same shi a tsakar gida da singileti, ya rame, gemu ya fito masa ba tsari. Ya tashi zai kawo kujera, mijina ya ce ya bari.

"Kwantena, aiki na kawo maka."

"Wane aiki, Yaya? Ni yanzu ko kwali ba ni da shi, balle kwantena."

"Ina da yadi, ina da inji, ina da Almakashi. Abin da ba ni da shi baki ne. Ni idan na shiga shago na ce a sayi bargo, sai in ɓige da yi wa mai shagon bayanin haraji har ya kore ni. Kai kuwa duk mai sayar da zanen gado a garin nan da garuruwan kusa ya san lambarka. Ka ɗauki namu ka kai musu."

Ƙanina ya murza yadin a tsakanin yatsunsa, yadda yake yi wa kowane kaya. "Ba shi da sheƙi," ya ce.

"Ba shi da shi."

"Kuma launin nan kamar bangon asibiti."

"Sai ka gaya wa masu saƙar launin da mutane ke so, ai kai ka sani."

Ya daɗe yana kallon yadin. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni da na yi shekaru ina ce wa mutane na gida ba shi da kyau, yanzu da wane baki zan koma?"

"Da wanda ka ce musu rariya bargo ce," in ji mijina. "Bakin nan naka ba abin da ba zai iya ba."

Matarsa da ke bakin ƙofar kicin ta fashe da dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Shi ma ya yi, ta farko da na ji daga gare shi tun faɗuwar kuɗin.

Haka ƙanina ya koma yawo da samfuri a jaka, a motar haya, shago zuwa shago. Almakashi ta ce Kwantena ya zama Amalanke, sunan ya bi shi kasuwa har yau. Ya iya aikin, ba a magana. Shi ya samo makarantar kwana da ke son barguna masu jure wanki, shi ya sa masaƙar ta fara yin shuɗi da ruwan hoda. Kuma da wani ƙarfe ya karye a cikin injin yanka, aka duba ƙasar nan kaf babu mai yin irinsa, shi ya kira wani tsohon abokin cinikinsa a waje aka aiko da shi. Ranar da ƙarfen ya iso ya riƙe shi sama a gaban kowa ya ce, "Minista, wannan daga ina ya zo? Faɗi da ƙarfi ma'aikata su ji." Mijina ya karɓe ya ce, "Kayan aiki daban, bargo daban," ya sunkuya ƙarƙashin injin don kada a ga fuskarsa.

Yanzu mutum bakwai ke aiki a siton, biyar daga tsohuwar masana'anta. Ba mu san gobe ba. Ana ta magana a rediyo wai za a sake duba harajin, wasu na cewa a ƙara, wasu na cewa masu ba da rance ba za su yarda ba. Zare ya yi tsada, wuta tana zuwa lokacin da ta ga dama. Amma ana buɗe ƙofa kowace safiya.

Kwanan baya mijina ya bi ta bayan tashar jirgin ƙasa zai je karɓo yadi. Ya dawo gida da wuri, ya zauna a bakin gado yana juya hularsa.

"Na ga shugaban sashenmu na da," ya ce. "Yana zaune a kan dutse a bakin ƙofar masana'anta. Mai shayin wurin ya ce kullum sai ya zo da safe, da kayan aikinsa a jiki, ya zauna har azahar ya tafi. Na gaishe shi, ya tambaye ni ko na ji ranar da za a buɗe." Ya ɗago ya dube ni. "Sista, da ni ne a kan dutsen nan. Kin san da ni ne."

Na ce na sani.

"Na ce ya zo sito ranar Litinin, ko ninki ne ya riƙa yi." Ya sake juya hular. "Ki gaya wa ƙaninki na gode."

"Ni 'yar aike ce? Ka san inda yake."

Washegari ina wurin aiki, na fito daga karɓar haihuwa ke nan ina wanke hannu, waya ta yi ƙara. Ƙanina ne, muryarsa a rikice.

"Yaya, lafiyar mijinki kuwa?"

Na ce, "Me ya faru?"

"Yanzu ya same ni ina ɗaure kaya. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce Allah ya saka mini da alheri, Allah ya yi wa 'ya'yana abin da na yi masa. Ya daɗe bai saki ba. Na jira in ji tsokanar da za ta biyo baya, shiru. Ya juya ya koma kan injinsa. Yaya, ki gaya mini gaskiya, ko likita ya ce masa wani abu ne?"

Na jingina da bango ina dariya har wata ƙaramar ma'aikaciya ta leƙo ta ga ko lafiya. Na ce masa mijina garau yake, ya fi shi lafiya ma.

"To ni me zan ce masa?"

"Ka ce amin."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ka kashe waya, ina da mai naƙuda a gado na biyu."

Na share idona da bayan hannu, na sa sabuwar safar hannu, na koma ciki.